Kuza, Mai da Rijiya: Tarihin Sana'ar Masana Ƙasa a Arewa

Kowace shekara jami'o'in Zariya da Jos da Maiduguri da Minna da Bauci suna yaye ɗaliban da suka karanta ilimin ƙasa da duwatsu, wato jiyoloji. Akasarinsu sun shiga sashen ne da burin aikin kamfanin mai, amma in ka neme su bayan shekara goma sai ka tarar wani yana koyarwa a sakandare, wani yana banki, wani kuma yana bin motar haƙar rijiyar burtsatse daga ƙauye zuwa ƙauye. Bayanin da aka saba ji shi ne ɗaliban sun yi yawa, ko kuma gwamnati ta yi watsi da ma'adinai. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu, sai dai tarihin sana'ar a wannan yanki yana nuna wani abu da ya fi su zurfi. Tun farkonta, farashin da ake yankewa a Landan ko Amurka shi ke ɗaukar masanin ƙasa aiki, shi ke kuma sallamarsa. Abin da ya riƙe sana'ar a duk lokacin da kasuwa ta juya mata baya shi ne aikin ruwa da aikin taswira na hukuma, ɓangarorin da ɗalibai da iyayensu suka fi rainawa.

Sanin ƙasa ya riga zuwan Bature. Mutanen Riruwai da ke kudancin Kano, da danginsu na Liruwen Dalma a ƙasar Bauci, sun daɗe suna wanke kuza daga yashin rafi, su narke ta, su zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwanni masu nisa. Wannan kuzar ce ta faɗa hannun ma'aikatan Kamfanin Neja, suka bi sawunta har suka hau tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20. A 1903 aka kafa ƙungiyar binciken ma'adinai ta Kudancin Najeriya, a 1904 aka kafa ta Arewa, dukkansu a ƙarƙashin wata cibiya ta Landan da aikinta shi ne gano abin da masana'antun Ingila za su iya amfana da shi a ƙasashen da aka mallaka. John Falconer, wanda ya jagoranci ta Arewa, ya yi shekaru yana ratsa ƙasar da 'yan dako, a 1911 ya fitar da littafinsa kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewacin Najeriya. A kudu kuwa Albert Kitson ya ci karo da kwal a Udi a 1909, daga nan aka samu garin Inugu. Da aka kafa Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya a 1919, Falconer ne shugabanta na farko, kuma rahoton farko da ta buga, a 1921, kan filayen kuza na Filato ne. Babu wanda ya ɓoye manufar. An kawo masanin ne don ya nuna inda dukiyar take, amma masu narka kuza na Liruwe, waɗanda suka fara nuna hanyar, ba a daɗe ba dokokin haƙa da lasisin kamfanoni suka kashe musu murhu.

Tsarin aikin da kuza ta haifar tsani ne mai matakai a fili. A can sama akwai manaja da injiniya da mai binciken ƙasa, dukkansu Turawa. A tsakiya akwai akawu da hedimani da ɗan kwangila. A ƙasa kuma dubban leburori ne, Hausawa da Barebari da Zabarmawa da Tibi, da kuma Birom masu ƙasar da aka farfashe musu gonaki, suna ɗaukar ƙasa a kwano bisa ka. Jirgin ƙasa na Zariya ya iso Jos da Bukur a 1914, na gabas ya iso a 1927, aka kuma ja wutar lantarki daga ruwan Kurra don injunan haƙa. Amma a duk wannan hada-hadar babu matakin da ɗan ƙasa zai taka ya zama masanin duwatsu. Mutumin da ya shekara ashirin yana juya kwano a ruwa har baƙin yashin kuza mai nauyi ya kwanta a gindi, wanda da ya kalli launin ƙasa ya san ko an kusa kaiwa ga tsakuwar da ke ɗauke da ita, iyakarsa ya zama mai raka Bature yana nuna masa wuri. Sai a shekarun 1950 aka buɗe makarantar koyon haƙar ma'adinai a Jos, ita ma mataimaka ta fi horarwa.

Faɗuwa ta farko ta zo da karyewar tattalin arzikin duniya na 1929. Farashin kuza ya zube, a 1931 Najeriya da Malaya da Bolibiya da tsibiran da Holan ke mulka suka shiga yarjejeniyar rage abin da kowa ke fitarwa, ƙananan kamfanoni suka rufe, masu neman sababbin filaye suka tattara nasu ya nasu. A nan ne abin da nake son nunawa ya fara bayyana. Hukumar Binciken Ƙasa ba ta mutu ba, domin tun ƙarshen shekarun 1920 ta fara karkata ga neman ruwa. Ma'aikatanta suka shiga ƙasashen Sakkwato da Katsina da Kano da Barno suna nazarin inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake kwance, suna jagorantar ginin rijiyoyi masu zoben siminti da kuɗin baitulmalin En'e. A 1934 ma'aikatanta Raeburn da Jones suka buga rahotonsu kan duwatsu da ruwan yankin Tafkin Chadi. Zinare ma ya ɗan taɓuka a wannan tsakanin, don bayan Ingila ta raba kuɗinta da ma'aunin zinare a 1931 farashinsa ya hau, mutane suka yi ca a Birnin Gwari da Minna da Zamfara, amma yaƙi na zuwa kasuwar ta watse. Rijiyoyin kuwa sun tsaya, wasunsu har yau ana jan ruwa a cikinsu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya juya al'amarin baki ɗaya. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta dawo kan Filato da ƙarfi. Aka tilasta wa sarakuna tara mutane, abin da talakawa suka kira ɗiban gwamna, aka kwaso dubun-dubatar manoma zuwa sansanonin da ba abinci isasshe ba bargo, sanyin Jos da cututtuka suka kashe da yawa. A 1943 abin da aka fitar ya haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Bayan yaƙi kuma sai ga kolambait. Wannan baƙin ma'adini ne da ke fitowa tare da kuza, da can shara ce mai ɓata tsabtar kaya, ana zubar da ita. Da injunan jiragen sama masu tsananin zafi suka buƙaci ƙarfen da ake samu daga gare ta, Amurka ta shiga saye tana tarawa da farashi mai tsoka a farkon shekarun 1950, sai kamfanoni suka koma tona jujin da suka zubar da hannunsu, Najeriya ta zama mai samar da mafi yawan kolambait na duniya. Kafin shekarun su ƙare Amurka ta cika rumbunta, ta daina saye. A wannan ɗan tsakanin na wadata ne aka yi nazarin da ya fi kowane fito da sunan duwatsun Arewa a idon masana, wanda ya nuna cewa tsaunukan da ke ɗauke da kuza jeri ɗaya ne, daga Azbin ya bi ta Damagaram da Riruwai da Ningi da Jos har tsaunukan Afu a Nasarawa, daga baya kuma aka gano cewa shekarunsu na raguwa in ana gangarowa kudu. Dutsen bai sauya ba a duk wannan hawa da sauka. Masu saye ne suka sauya shawara.

'Yan ƙasa sun shigo sana'ar ne a daidai lokacin da take sauya alƙibla. An samu mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958. Jami'o'in Ibadan da Nsukka suka buɗe sassan jiyoloji a farkon samun 'yanci, Zariya ta biyo baya, a 1961 kuma aka kafa ƙungiyar masana haƙa da ilimin ƙasa ta Najeriya a Jos. Shekarun 1970 su ne lokacin da har yau ake ba da labarinsa: an kafa kamfanin mai na ƙasa a 1971, wanda ya zama NNPC a 1977, an kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai a Jos a 1972, aka shiga neman tama da kwal da farar ƙasa don masana'antar ƙarfe ta Ajakuta da kamfanonin siminti irin na Kalambaina da Ashaka. Mai digiri a lokacin yakan zaɓi aiki ne, ba ya nema. A hayin iyaka ma haka abin yake. Faransawa sun gano yuraniyom a ƙasar Agadas a 1957, kamfanin Somair ya fara aiki a Arlit a 1971, Cominak ya biyo baya a 1978, Nijar ta buɗe makarantar haƙar ma'adinai a Agadas don ta samu nata ƙwararru. Yaran da suka ga yayyensu da mota da gida suka cika sassan jiyoloji.

Sun fito a lokacin da ba su zata ba. Yuraniyom ya fara faɗuwa tun farkon shekarun 1980, bayan haɗarin tashar nukiliya ta Amurka na 1979 ya sanyaya wa masu gina tashoshi gwiwa. A watan Oktoba na 1985 Majalisar Kuza ta Duniya, wadda ta yi shekara da shekaru tana saye don riƙe farashi, ta wayi gari ba kuɗi, kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da cinikin kuza har zuwa 1989, farashi ya zube da kusan rabi. A 1986 gangar mai ta sauko daga kusan dala 30 zuwa wajen dala 10, a shekarar ce kuma gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, ɗaukar ma'aikata a hukumomi ya tsaya. Cikin 'yan shekaru duk ƙofofin da masanin ƙasa ke shiga suka rufe kusan a tare. Manyan injunan haƙa suka tsaya cak a Filato, suka bar kududdufai a kewayen Bukur da Barikin Ladi, tsofaffin leburori suka koma haƙar ramukan loto da hannu. Wannan ba masifar Najeriya kaɗai ba ce, don a Amurka ma dubban masana ƙasa sun rasa aiki a 1986, sassan jami'o'i suka yi fayau.

Wanda ya tsira da sana'arsa a Arewa a wannan zamanin, ruwa ne ya tsirar da shi. Farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, sun busar da rijiyoyin hannu, gwamnatoci da Bankin Duniya da UNICEF suka zuba kuɗi a rijiyoyin burtsatse. An kafa hukumomin raya kogunan ƙasa a 1976, aka buɗe cibiyar koyon harkar ruwa a Kaduna, shirye-shiryen raya karkara irin KNARDA a Kano suka haƙa ɗaruruwan rijiyoyi masu famfon tuƙa-tuƙa. Wannan aiki kuwa yana buƙatar ilimi na gaske, musamman a ƙasar Kano da Zariya da Katsina ta kudu, inda ƙarƙashin ƙasa tsohon dutse ne mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sai inda ya ruɓe ko ya tsage. Masanin yakan soke ƙarafa huɗu a jere cikin ƙasa, ya haɗa su da waya da batir, ya tura wuta ta na waje biyu ya auna da na tsakiya, sa'an nan yara su riƙa matsar da ƙarafan nesa da nesa don wutar ta ƙara nutsawa. Inda ruɓaɓɓen dutse mai danshi yake, wutar na wucewa da sauƙi. Inda dutse yake a dunƙule, sai ta turje. Daga waɗannan alƙaluma yake cewa a haƙa nan, kada a haƙa can, ko da can ɗin ne ƙofar gidan dagaci. Tazarar taku talatin tana iya raba rijiya mai ruwa da busasshen rami.

Mai musu zai ce ai kowace sana'a kasuwa ke juya ta, me ya bambanta wannan da ta tela ko magini? Bambancin yana wuri biyu. Na farko, in farashi ya faɗi kamfani ba ya daina ɗibar abin da ya riga ya gano, neman sabo yake dainawa, neman sabo kuwa shi ne aikin masanin ƙasa. Shi ake fara sallama, shi ne kuma na ƙarshen dawowa. Na biyu, horar da shi yana cin lokaci: shekara huɗu a jami'a, ɗaya ta bautar ƙasa, sa'an nan wasu shekaru a daji kafin idonsa ya buɗe. Yaron da ya zaɓi fannin saboda tsadar mai a 2012, lokacin da ganga ta haura dala 100, ya fito ne a 2016 ya tarar tana ƙasa da dala 30. Kamar manomin da ya ga tsadar albasa bana ne, ya cika gonarsa da ita, ya kai kasuwa baɗi ya tarar kowa ma abin da ya yi ke nan. Sai dai shi manomi damina ɗaya ya yi asara, wannan kuwa ƙuruciyarsa ya zuba.

Wani kuma zai ce duk wannan zagaye-zagaye ne, mai ne ya kashe kuza, gwamnati ta samu kuɗin banza ta manta da duwatsu. Akwai gaskiya a nan: ƙarfin naira a shekarun 1970 ya sa fitar da kuza ya daina riba, albashin birni ya janye leburori, dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa masu jarin waje suka daina sabunta injuna. Amma ko da ba a samu ɗigon mai ba, kuzar da ke kusa da sama ta riga ta yi ƙaranci, sauran tana ƙarƙashin dutse mai kauri da haƙarsa ke da tsada, kuma faɗuwar 1985 ta durƙusar da ma'adinan Ingila da Bolibiya da Malesiya, waɗanda ba ruwansu da naira. Ɓarnar da sakacin gwamnati ya yi ta fi muni a wani wuri da ba a cika ambata ba, wato Hukumar Binciken Ƙasa, wadda hedikwatarta take Kaduna a lokacin. Ita ce ya kamata ta riƙe ƙwararru a lokacin da kamfanoni suka gudu, ta ci gaba da zana taswira da adana samfurin duwatsu, kamar yadda ta yi a shekarun 1930. Maimakon haka sai aka bar ta ba mota ba kuɗin fita daji, gogaggun ma'aikatanta suka yi ritaya ba su samu waɗanda za su miƙa wa abin da suka sani ba. Ilimin daji ba ya zama a takarda kaɗai. Sai ƙarami ya bi babba, ya ga yadda yake fasa dutse da guduma ya karanta cikinsa.

Musun da ya fi ƙarfi shi ne cewa aikin rijiya ba sana'ar da za a yi tutiya da ita ba ce. Kuɗinsa kaɗan ne, kwangila ce ta yau da gobe, kuma masu motocin haƙa da yawa ba sa ma neman masani, direban inji ne ke zaɓar wuri. Wannan haka yake, duk da cewa tun 1990 akwai dokar da ta kafa majalisar rajistar injiniyoyin haƙa da masana ƙasa. Amma wannan hujja ce a kan yadda aka bar ɓangaren ba tsari, ba ta nuna cewa ba a buƙatar ilimin ba. Barno ta isa misali. A tsakiyar shekarun 1950 aka gano cewa a ƙarƙashin yankin Tafkin Chadi akwai ruwa mai matsi wanda in aka huda yake tunkuɗo kansa sama ba famfo, aka haƙa ɗaruruwan rijiyoyi, makiyaya suka samu sauƙi. Da yawa an bar su suna kwarara dare da rana, matsin ya yi ta raguwa, wasu suka daina fitowa da kansu. Yau a Kano da Kaduna da Maiduguri kowane mai hali yana huda tasa rijiyar a tsakar gida, kuma ba kasafai ake rubuta zurfin da aka kai ko irin ƙasar da aka ratsa ba. Aikin auna wannan ruwa da lura da shi ba ya jiran farashin Landan, kuma yawan jama'a kullum ƙara shi yake yi.

Fatan samun mai a Arewa shi ma ya ɗauki mutane ya sauke su sau da dama. NNPC ta haƙa rijiyoyi 23 a ɓangaren Najeriya na yankin Chadi ba ta samu abin kasuwa ba, ta dakata. Da Chadi ta fara fitar da mai a 2003, Nijar kuma ta buɗe matatar Damagaram da man Agadem a 2011, sai aka sake komawa. A watan Yuli na 2017 'yan Boko Haram suka yi wa ayarin masu binciken kwanton ɓauna a yankin Magumeri, cikinsu har da ma'aikatan sashen jiyoloji na Jami'ar Maiduguri. An kashe wasu, an kama wasu, sai a 2018 aka sako su. A 2019 aka ba da sanarwar samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauci da Gombe, Shugaba Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin a 2022. A Nijar kuwa haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima na 2011 ya sake karya yuraniyom, aka jingine aikin haƙarsa a Imuraren a 2014, Cominak ya rufe a watan Maris na 2021.

Yanzu zancen zinare da litiyom ake yi, ana cewa su ne za su kwashe masu digirin da ke zaune. Abin da ya faru a Zamfara ya isa ya sa a yi hattara. Tsadar zinare ta sa mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka riƙa kawo dutse gida suna niƙawa a injin niƙan hatsi, ba wanda ya gaya musu cewa dutsen cike yake da dalma, abin da masani zai gane da ganin ido ko da gwaji mai sauƙi. A 2010 aka gano gubar ta kashe yara aƙalla 400. Haƙa ta bunƙasa, dubban mutane sun samu abin yi, amma babu gurbin masanin ƙasa a cikinta, domin mai saye a bakin rami ba ya biyan kuɗin bincike. Litiyom na Nasarawa da Kwara da Kaduna ma akasarinsa haka ake ɗibarsa, kuma farashinsa a duniya ya riga ya yi mummunar faɗuwa a 2023, tun kafin ɗaliban da suka shiga jami'a saboda shi su kai aji uku. Tsakanin 2003 da 2010 an yi shawagi da jiragen sama masu na'urori a kan kusan dukkan Najeriya, aka tara bayanan maganaɗisun ƙasa da na sinadaranta. Waɗannan bayanai alama kawai suke nunawa. Kowace alama sai mutum ya je da ƙafarsa ya ɗebo samfuri, ya zana, ya rubuta. Wurare da yawa a Zamfara da Birnin Gwari da Neja ba sa shiguwa yanzu saboda 'yan bindiga, waɗanda ke shiguwa kuma suna jiran kasafin kuɗin hukumar da ke da alhakin tura mutane can.